Buhun Dawar Rifkatu a Wurin Mai Niƙa

Shekara goma ke nan da rasuwar Rifkatu. Ba da kalanda nake lissafi ba, don ban yi boko ba, wannan ma 'yata Bilkisu ce riƙe da biro, na kuma ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana. Abin da na riƙe shi ne ta rasu a watan da soja suka sauka suka miƙa wa farar hula mulki, lokacin da rediyo ke ta ruri a kowane gida a Madabo, maza na ta musu a bakin masallaci a kan wa zai gyara ƙasa. Cikin wannan hayaniya ta tafi, kuma sai da ta yi sati uku a ƙasa kafin labari ya iso ni. Yadda labarin ya iso ni shi ne abin da na haɗiye shekara goma.

Sunana Hajara, amma a unguwa Gwaggo Mai Mai ake ce mini, don man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana'ata tun ina amarya. A Madabo aka haife ni, a Madabo na yi aure, kuma duk wanda ya san gidanmu ya san kwano daga cikinsa yake fita. Ba mu saba ganin ya shigo ba sai dai na ciyayya, wanda za ka mayar da ninkinsa. Da wannan na tashi, da shi nake taƙama.

Rifkatu Kirista ce, 'yar kudancin ƙasar Zazzau, a Sabon Gari take da zama. Litinin da Alhamis takan shigo cikin birni da jarkokinta, ta bi gidajen masu mai tana saye, ta kai can ta sayar kwalba-kwalba. Da yake mace ce, ba gidan da ake hana ta shiga. Ta san tsakar gidan kowa. Ta san murhun da aka hura da safe, ta san wanda tokarsa ta kwana biyu da sanyi. Fiye da shekara ashirin muna ciniki da ita. Tana ce mini Yaya, ni kuwa Bazazzagiya nake ce mata, don in samu hanyar tsokana.

Kowace Kirsimeti sai ta zo da langa cike da shinkafa da miya, ga kaza a kai.

"Yaya, ga abin bikinmu. Mahaucin bakin layinmu ne ya yanka, Musulmi ne har da gemu, kada ki fara mini wa'azi."

"To, an tuna da mu ke nan. Ku dai alherinku irin na mangwaro ne, sau ɗaya a shekara."

"Ku kuma naman layyarku kullum ake rabawa, ko? Juye ki ba ni langata, Bakanuwa, kada ta daɗe a gidan nan ta koyi cika baki."

Kowace shekara sai na faɗa mata maganar mangwaron nan, kowace shekara sai ta yi dariya har ta dafa bango. Ni a lokacin gani nake na iya zance.

Maigidana Malam Inuwa ya rasu shekara shida kafin ita. Ya bar ni da jikoki uku marayu, 'ya'yan babban ɗanmu da ya riga shi tafiya, Bilkisu kuma tana aure a wani gari mai nisa. A waɗannan shekarun ne man kamfani ya cika kasuwa, gyaɗa ta yi tsada, mai sayen galan ya koma sayen kwalba. Akwai ranar da zan ɗora tukunyar ruwa zalla a murhu don maƙwabta su ga hayaƙi yana tashi daga gidan Hajara. Ban gaya wa kowa ba. Amma Rifkatu tana da ido.

Wata Alhamis, bayan mun gama awon mai, sai ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin jarkokinta ta tura shi gefen tabarmata. Masara ce, ta kai tiya biyu. Ta ce wai daga ƙauyensu aka kawo mata, ta yi mata yawa.

Na ce, "Ɗauki kayanki. Ni Hajara za ki kawo wa sadaka? Me kika gani a gidan nan? Ko an ce miki bara muka fara?"

Ta dube ni, ta dubi yaran, ta ɗauki ƙullinta. Ta ce, "Yi haƙuri, Yaya. Ni na yi kuskure." Daga ranar ba ta sake miƙo mini ko ƙwayar gero ba sai langar Kirsimeti, na kuwa ji daɗi na koya mata hankali.

A lungun bayan gidanmu akwai injin niƙa na Malam Sabo, mutum ne marar yawan magana, kullum fari fat da gari har girarsa. Yadda ake yi a wurinsa, da safe za ki kai hatsinki a kwano, ki ɗaura tsumma don ki gane naki, ki ajiye a layi ki koma gida. Sai kwanuka sun taru yake tayar da inji, in hantsi ya yi ki zo ki ɗauka. Ba mai tsayawa a kansa. Kowa kuma ya san gari ya fi hatsi tashi a kwano, don haka ba wadda ke awo in ta dawo.

To, ba a daɗe da maganar masarar nan ba na fara lura da wani abu. In kai mudu ɗaya na dawa, in dawo in tuƙa tuwon dare, a yi ɗumame da safe, a sake tuƙa wani, har a samu na kunu. Na ce Allahu akbar, auki ne. Albarkar marayu ce Allah ya sa a hannuna. Da na tsaya a nan da sauƙi, amma bakina bai taɓa iya riƙe abin taƙama ba. Na shiga gaya wa mata a gidan suna da gidan biki cewa garina auki gare shi, mudu ɗaya sai ya yi aikin biyu. Mata suka fara sallama suna tambayar sirrin. Ni kuwa na gyara zama na ba su: ki auna da hannun dama, ki yi bisimilla sau uku, ki rufe da faifai, kada ki bari wani ya leƙa. Har na ce gado ne daga kakata. Mutum uku ko huɗu suka dawo suna rantsuwa, "Wallahi Gwaggo, ya yi aiki!" Waɗanda suka ce su ba su ga canji ba, na ce su binciki zuciyarsu.

Shekara shida ina wannan. Rifkatu tana zaune a kan tabarmata wani lokaci ina ba wata matar laƙanin, tana jin mu, tana goge bakin jarka. Sau ɗaya ta ce, "Yaya, ni ma ki ba ni mana." Na ce sai ta musulunta tukuna. Ta ce, "Ashe da sauran tafiya."

Gab da saukar soja ta daina zuwa. Wata 'yar cocinsu ce ta zo karɓar mai sau biyu, ta ce ƙafafun Rifkatu ne suka kumbura. Na ce a gaishe ta, zan zo dubiya. Ban je ba. Daga Madabo zuwa Sabon Gari mota ɗaya ce, amma a wurina kamar wata ƙasa ce, kullum sai in ce gobe.

Sai gari ya fara raguwa. Satin farko na ce idona ne. Sati na biyu na auna da mudu, abin da ban taɓa yi ba. Sati na uku na yafa mayafi na nufi inji da kwanon a hannu, na tarar da mata sun kai goma suna ɗaukar nasu.

Na ce, "Sabo! Ka ji tsoron Allah. Garin marayu kake ci? Shekara nawa ina kawo niƙa nan, ban san yadda kwanona yake dawowa ba?"

Wata daga baya ta ce, "Wallahi ni ma na lura." Wata ta ce ita ma. Kan ka ce wani abu wuri ya kaure, masu wucewa suka tsaya. Shi kuwa yana tsaye da tsintsiya a hannu, bai ce komai ba sai, "Gwaggo, ki yi haƙuri, za mu yi magana." Na ce a nan za mu yi ta, a gaban jama'a. Ya sunkuyar da kai. Na juya na ce wa mata, kun gani ko, marar gaskiya ba ya iya ɗaga ido.

Bayan la'asar na ji sallamarsa a soro. Na fita a shirye in karɓi ban-haƙuri. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Gwaggo, matar nan mai sayen mai, Rifkatu. Allah ya yi mata rasuwa, yau sati uku. 'Yarta ce ta zo ta gaya mini, ta ce in yi haƙuri, buhu ba zai ƙara zuwa ba."

Na ce, "Wane buhu?"

Ya ce duk farkon wata takan sa a kawo masa buhun dawa, wani lokaci masara, ya ajiye a bayan inji. Ita ke nuna masa kwanukan da zai ƙara wa, gida kaza da gida kaza, waɗanda ta ga murhunsu. Ta ce ya riƙa zubawa kaɗan-kaɗan yadda ba za a gane ba. "Naki kuwa ta ce in bi a hankali, wai Yaya Hajara ta fi kowa ido, kuma in ta gane sai ta zubar da shi a kwata."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Mutuwarta da wannan magana suka faɗo mini lokaci ɗaya, na rasa wadda zan fara ji. Duk tuwon da na tuƙa shekara shida. Duk matan da na zaunar ina koya musu rufe kwano da faifai. Waɗanda suka ce ya yi aiki, ashe layinmu ɗaya a wurin Rifkatu. Waɗanda na ce su binciki zuciyarsu, ashe laifinsu kawai suna da abin ci a gida.

Na ce masa, me ya hana ka faɗa ɗazu? Ya ce, "In faɗa a gaban mutane, asirin gida nawa zan tona? Amana ta ba ni."

Yanzu ga wurin da ya fi yi mini nauyi. Abin da ya fito daga bakina bayan wannan ba salati ba ne, ba kuma neman gafararsa ba ne. Cewa na yi, "Wa da wa suka sani?" Ya ce daga shi sai ni sai Allah, ko 'yarta ba ta san gidajen ba. Na ce, "To, ya tsaya nan." Ya ce to. Ya sa hularsa ya tafi, da sunan ɓarawon da na laƙaba masa da safe.

Washegari na shiga motar da na kasa shiga tana da rai. Ina tsammanin zan tarar da gida mai bene, don a raina duk mai iya sayen buhu wata-wata ya tara. Ɗaki ne da falo a gidan haya, ga roba an tara a kusurwa saboda yoyo. 'Yarta Hannatu ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, tana ta godiya wai na taso tun daga cikin birni. Ta ce Mama ta daɗe da daina shiga mota in za ta shigo wurinmu, a ƙasa take zuwa, ta koma da jarkoki a ka, su suna yi mata faɗa tana cewa motsa jiki ne. Ta ce duk Kirsimeti matan cocinsu sukan tara kaya a kai wa marayu da marasa lafiya, Mama takan bayar da nata, amma sai ta tashi ta ɓata musu taro da tambaya: to watan bakwai fa, lokacin da hatsi ya ƙare a gidaje, wa zai je? Ta ce Mama takan ce Almasihu bai ware mata ranar tausayi ba, ita ma ba za ta ware ba. Har a gadon ciwo, wai abin da take ta nanatawa shi ne wata ya kusa ƙarewa, a kai wa mai inji buhunsa.

Ina zaune ina shan ruwansu, yarinyar nan ba ta san a naman jikina akwai dawar uwarta ba. Ban gaya mata ba. Na yi gaisuwa na taso.

Mu ma muna da wannan karatu, kada wani ya ce tsohuwa ta manta addininta. Kowane azumi ina jin malamai suna faɗar falalar sadakar ɓoye, na ji har na haddace. Amma a aikace, wurin matar da nake yi wa gorin mangwaro na gan ta. Na taɓa tambayar wani malami a unguwa, ban ambaci suna ba, na ce wanda ba Musulmi ba ya yi maka alheri ya mutu, me za ka yi masa? Ya ce ka riƙe alherin, ka kyautata wa nasa, sauran ka bar wa Mai shi. A nan na tsaya, ban fi haka sani ba.

Nakan ce da Rifkatu za ta leƙo ta ga yadda ake bayarwa yanzu, da ta riƙe baki. Farar hular da muka yi ta murna sun zo da nasu salon. Sallar da ta wuce an tara mata a wani fili wajen Ƙofar Nassarawa tun hantsi har azahar, a rana, ana jiran mai rabo ya iso da masu ɗaukar hoto. 'Yar shinkafar da ba ta fi ta kwana biyu ba, a leda mai fuskar mutum a jiki. Sai kin ɗaga ledar sama, kin kalli na'ura, sannan a sake ki. Da daddare na ga wata maƙwabciyata a talabijin, matar malami, tana jan mayafi tana rufe fuska, mai rabon yana janye mata hannu don a gan ta da kyau. Hannatu, da yake yanzu muna gaisawa, ta ce su ma can an fara, in Kirsimeti ta zo sai ka ga motoci a gidan marayu, a yi hoto a watse, sai kuma baɗi. Ashe cutar ba ta tambayi addinin kowa ba.

Amma wace ce ni da zan yi wa wani faɗa? Su sun tona asirin talaka don a yabe su. Ni na bar mai gaskiya cikin zargi don kada a daina yabona. Shekara goma Malam Sabo yana wucewa ta ƙofar gidana yana cewa, "Gwaggo, ina kwana," ina amsawa. Rabin masu kai masa niƙa suka koma wani inji can wajen Goron Dutse, cikinsu har da waɗanda suka ci dawar nan ba su sani ba. Aka daina ba shi ajiya. Nakan ce wa kaina ai magana ta wuce, mutane sun manta.

Watan jiya wata amarya da aka kawo gidan da ke kallon namu ta shigo gaishe ni. Yarinya ce da ba ta fi shekara goma ba lokacin da abin ya faru, kuma ba ma 'yar unguwar ba ce. Muna hira ta ce, "Gwaggo, ina ake kai niƙa a nan? An ce mini kada in kai wa na lungun baya, wai tun da can yana taɓa gari." Ta faɗa hankali kwance, kamar mai faɗin hanyar rijiya. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Maganar da na yi da bakina ta girma, ta yi aure, tana shirin haihuwa.

Na je na sami Malam Sabo na ce zan faɗa. Ya tsufa, gari da furfura sun haɗu ba ka bambancewa. Ya ce, "Bayan shekara goma, Gwaggo? Ai na saba." Na ce ni ce ban saba ba. Sai ya ce, "To ki faɗi naki. Ki bar na mutane."

Ranar Alhamis da hantsi, lokacin ɗaukar kwanuka, na tsaya a daidai inda na tsaya wancan karon. Na ce mata su saurara. Na ce ni Hajara ƙarya na yi wa Malam Sabo, bai taɓa cin garin kowa ba. Na ce aukin da na yi ta taƙama da shi babu shi, ba kakata, ba faifai. Wata Kirista ce mai sayen mai ta ciyar da ni da jikokina shekara shida ta hannun mutumin nan, bayan na kore ta da kyautarta. Wata tsohuwa sa'ata ta ce, "Gwaggo, ke?" Na ce ni. Wata kuma, ba zan faɗi ko wace ce ba, ta ajiye kwanonta ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Waɗanda ba su zo ranar ba, ga shi na sa an rubuta, mai karatu ya karanta wa marar karatu.

Rifkatu ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba, ko hotonta ba ni da shi, kabarinta ma ban san inda yake ba. Jikokina uku sun zama mutane, babbar tana goyon na biyu, kuma sai a satin nan suka san da hatsin wa suka yi ƙashi. Sunan Malam Sabo, abin da ya rage na gyaruwa ya gyaru, shekara goman kuwa ba ni da inda zan samo in mayar masa. Ya ce ya yafe. Ita ban samu na tambaye ta ba.

Da mata suka watse na matsa kusa da shi, na rage murya. Na ce, "Malam Sabo, tsakaninka da Allah, tun da buhunta ya daina zuwa, shi ke nan an daina? Ko har yanzu akwai kwanon da ake ƙara wa?"

Ya dube ni. Sai ya sunkuya ya kama hannun inji ya murɗa, ƙara ta cika lungun. Na tsaya ina jira ya kashe, bai kashe ba. Sababbin kwanuka na jere a gabansa, na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ban gane ko wanne ba ne. Na ja mayafina na tafi gida.